An ce wa ƙanena ya bari a zura masa biyu: wa za mu kai wa ƙara?

Yayan Gola:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma don Allah kada a tambaye ni sunan kulob ko na gari, ba zan faɗa ba.

Ƙanena mai tsaron gida ne a wani kulob na ƙaramin rukuni a nan Arewa. Cikinmu ɗaya, kuma tun rasuwar mahaifinmu a hannuna ya tashi. Ni tela ne, ƙwallo iyakata kallo. Shekararsa 21, bana ne Allah ya ba shi zama gola na ɗaya bayan ya sha zaman benci har ya gode wa Allah.

Daren jiya ya zo shago bayan isha'i, ya zauna bai ce uffan ba har na fara haɗa kaya. Da na matsa masa sai ya miƙo mini waya. Ashe wani jami'in kulob ɗinsu ne, ba koci ba, mai riƙe kuɗin mota da na masauki idan za a fita wasa, ya ja shi gefe bayan atisaye ya ce masa wasansu na Lahadi ta sama an riga an gama magana a kansa. Abin da ake so gare shi shi ne a tafi hutun rabin lokaci babu ci, idan an dawo ya bari a zura masa biyu. Naira dubu 150, rabi kafin wasa, rabi bayan an tashi. Da daddare kuma mutumin ya aiko masa da saƙon murya ta WhatsApp, wai kada ya ba shi kunya, manya sun san da maganar. Na saurara da kunnena, muryar da na sani ce, don ya taɓa kawo mini ɗinkin sallah.

Yaron bai amsa ba, bai kuma ƙi ba. Cewa ya yi zai yi tunani, saboda tsoro. Albashin wata huɗu suke bin kulob, takalmin da yake buga wasa da shi ma sau biyu ana kai shi wurin mai gyara. Mutumin ya san da haka sarai, shi ya sa ya zaɓi wanda zai tunkara.

Kuɗin dai ba za mu taɓa ba, wannan na yanke, ko me za a yi. Inda na rasa mafita shi ne gaba da nan. Shugaban kulob za mu gaya wa, alhali an ce manya sun sani? Ko hukumar ƙwallo ta jiha, inda mutumin nan yake shiga ya fita yadda ya ga dama? Ko 'yan sanda? Akwai hanyar da ake kai irin wannan ƙara ba tare da sunan yaro ya fito ba? Idan kuma ya ce ba zai yi ba, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya tsira ke nan?

Tsohon Rafali:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya wa ƙanenka. Na daɗe ina busa a ƙananan rukunai kafin gwiwa ta zaunar da ni, don haka bari in fara da tambayarka ta ƙarshe. A'a, shiru ba ya tsirar da shi. A dokar ladabtarwa ta FIFA, wanda aka kama da hannu a sayar da wasa ana dakatar da shi aƙalla shekara 5, da tarar da ba ta gaza kuɗin Switzerland faran 100,000 ba. Wanda kuma aka tuntuɓa bai kai rahoto ba, ko da bai karɓi sisi ba, nasa aƙalla shekara 2 ne da tarar faran 15,000. Hukumomin ƙasashe a kan wannan dokar suke ɗora nasu. Yaranmu da yawa ba su san da wannan ba, suna ganin da zarar sun ce a'a sun fita.

Ka dubi Samson Siasia, tsohon kocin Najeriya. Maganarsa ta 2010 ce, lokacin da Wilson Raj Perumal, ɗan Singapore ɗin nan da ya shahara da sayen wasanni, ya yi masa tayin aikin koci a wani kulob bisa sharaɗin ya riƙa saka wasu 'yan wasa da ke hannun mutumin. Saƙonnin imel suka yi ta musaya, aikin ma bai tabbata ba. Amma saƙonnin suna nan. A Agustan 2019 FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada, sai a 2021 kotun wasanni ta CAS da ke Lausanne ta rage zuwa shekara 5 ta kuma soke tarar faran 50,000. Mutumin da ya kai Najeriya wasan ƙarshe a Olamfik ta 2008 ke nan. To ina ga yaron da ko jarida ba ta san sunansa ba?

Kuma ka tuna Bauchi a Yulin 2013. Plateau United Feeders da Police Machine suna neman gurbi ɗaya na hawa rukuni, bambancin ƙwallaye ne zai raba su. Feeders ta ci Akurba 79-0, Police Machine ta ci Bubayaro 67-0, alhali an tafi hutu ana 7-0 da 6-0. Da hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta tashi hukunci ba ta tsaya tantance wanda ya ci kuɗi da wanda ya bi umarni don tsoron koci ba: 'yan wasa da jami'ai haramci na har abada, kulob huɗun kuma shekara 10. Na tabbata a cikinsu akwai yaran da zuciyarsu ba ta so, amma babu wanda ke da takardar da za ta raba shi da sauran.

Wani abu kuma da na lura da shi a bayaninka. Sayar da wasa iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai na neman maki, kulob na tsoron faɗuwa ko yana son hawa, sai a ce ku bar mana wasan kawai. Akwai kuma na 'yan caca. Wanda ya ce maka babu ci kafin hutu, biyu bayan hutu, wannan ba maki yake nema ba, takardar caca yake cikawa. Wannan kuwa yana da kyau a gare ku ta wani ɓangare, don kuɗin caca na barin sawu. Akwai kamfanoni irin su Sportradar da aikinsu shi ne sa ido a kan yadda kuɗi ke kwarara a kan wasa. Da irin wannan rahoton aka kama alƙalin wasa Joseph Lamptey na Ghana, wanda ya ba Afirka ta Kudu fenariti a kan Senegal a Nuwamban 2016 wai an taɓa da hannu, alhali ƙwallon a ƙafar ɗan bayan Senegal Koulibaly ta buga. An kore shi har abada, aka kuma sake wasan.

Shugaban kulob ku bar shi tukuna. Ku rubuta, kada ku tsaya ga baki, ku aika wa hukumar da ke gudanar da gasar tasu da kuma NFF a Abuja. FIFA na neman kowace hukumar ƙasa ta ajiye jami'in da ke karɓar irin wannan ƙorafi, shi za ku sa wa takardar. Sannan a shafin FIFA na intanet akwai wurin kai rahoto a asirce, ana iya ɗora sauti da hoto ba tare da an sa suna ba. Sai dai ku sani, wasan cikin gida hurumin hukumar ƙasa ne, don haka yawanci maganar gida za ta dawo. Amfanin aika wa wuri fiye da ɗaya shi ne mutum ɗaya ba zai iya zaunewa a kanta ba.

Ɗan Kallo:

Baba Rafali, a gafarce ni, duk abin da ka faɗa doka ce ta takarda. Mu da muke bakin fili mun san yadda ake yi. A 2018 duniya ta ga bidiyon Salisu Yusuf, ɗaya daga cikin kocin Super Eagles, yana karɓar dala 1,000, shi ya ce kyauta ce, NFF ta ba shi shekara ɗaya da tarar dala 5,000, ya gama ya dawo bakin aiki. Amos Adamu, ɗan kwamitin zartarwar FIFA a lokacin, FIFA ta dakatar da shi shekara 3 a 2010, bai rasa abin sawa a baki ba. Babba yana da lauya, yana da abokai, yana da abin da zai ci kafin guguwa ta wuce. Yaro fa? Ba ma sai an kore shi ba. Benci za a mayar da shi, a riƙe takardar sakinsa, a buga wa sauran kulob waya a ce yaron nan ba ya riƙe sirri. Shi ke nan ƙwallo ta ƙare masa ba tare da wani kwamiti ya zauna ba.

Ni da ƙanena ne, ana saura kwana biyu wasa zai ce cinyarsa ta riƙe. Bai ci haram ba, bai yi faɗa da kowa ba. Kaka ta ƙare ya nemi wani kulob.

Ɗan Nima:

Gaisuwa daga Accra. Ɗan'uwa, mu nan mun ga duka biyun, bari in ba ka labari ka auna da kanka.

A Yulin 2021, ranar ƙarshe ta gasar Firimiyar Ghana, AshantiGold ta karɓi Inter Allies a Obuasi. Wani ɗan bayan Inter Allies, Hashmin Musah, ya shigo daga benci, ana cinsu 5-0 sai ya juya ya ci gida sau biyu da gangan, aka tashi 7-0. Da aka tambaye shi ya fito fili ya ce ya ji tun a masauki an shirya a tashi 5-1 don masu caca, shi ya sa ya ɓata musu lissafi. Mutane da yawa a zango jarumi suka ɗauke shi, ni ma haka. A Mayun 2022 hukumar ƙwallon Ghana, GFA, ta jefa kulob biyun rukuni na uku, ta dakatar da shugabanni da 'yan wasa. Amma shi ma Musah bai fita ba, an dakatar da shi, sai dai an sassauta masa saboda shi ya tona. Dalili kuwa shi ne ya ji magana bai kai rahoto ba, sai ya ɗauki hukunci a ƙafarsa. Don haka kada ƙanenka ya ce zai yi wata dabara a cikin fili.

Abin da Ɗan Kallo yake tsoro kuma ba wasa ba ne. Binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas na 2018 shi ya kayar da Kwesi Nyantakyi daga shugabancin GFA, FIFA ta haramta masa ƙwallo har abada, daga baya CAS ta mayar shekara 15. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin, Ahmed Hussein-Suale, wani ɗan majalisa ya nuna hotonsa a talabijin, a Janairun 2019 kuma wasu a kan babur suka harbe shi a unguwar Madina da ke nan Accra. Allah ya jiƙansa. Ban ce naku ya kai nan ba, kuɗin da ke ciki ba ɗaya ba ne. Abin da nake nufi shi ne fuskar yaro da sunansa su ne abin ɓoyewa, ba maganar ba.

Akwai wata manhaja, Red Button, ƙungiyar 'yan wasan Finland ce ta ƙirƙiro ta bayan an kama Perumal a ƙasarsu a 2011, ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta yaɗa ta. Ɗan wasa ne kaɗai ke iya shiga, kuma ba ta ajiye sunan mai rahoto. Sai dai ta hannun ƙungiyar 'yan wasa ake samun lambar shiga, ba kowa ke da ita ba. Idan babu, shafin FIFA da Baba ya ambata a buɗe yake ga kowa, kai ma kana iya turawa a madadinsa.

Yayan Gola:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Rafali, wallahi maganar shekara biyun nan ta ɗaga mini hankali, don ni a ganina da ya ce a'a an wuce wurin.

Ga abin da ya ƙaru. Mutumin ya sake kira yau da rana, yaron bai ɗaga ba. Sannan wani ɗan baya da suke kwana ɗaki ɗaya a kam ya tambaye shi ko shi ma an yi masa magana. Ke nan ba shi kaɗai ba ne. Ni kuma na kasa gane ko abokin nasa tsoro yake ji irin nasa, ko turo shi aka yi ya ji ta bakinsa, sai na ce masa kada ya ce komai.

Hajiyarmu da ta ji cewa ta yi a bar wa Allah, ya ajiye ƙwallon ya zo ya zauna a kan keke kusa da ni. Ba na ganin laifinta, ita ɗanta take so da rai da lafiya. Amma na ga irin wahalar da yaron nan ya sha, da azumi ma yana fita gudu kafin a sha ruwa. Liman ɗin unguwarmu kuma da na yi masa zancen a dunƙule ya tuna mini cewa an la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, kuma an hana ɓoye shaida. Gaba kura baya sayaki ke nan. Jiya da dare raina ya ɓaci har na ɗauko waya zan saka sautin a Facebook kowa ya ji, matata ce ta hana ni.

Lauyar Unguwa:

Malam, ka gode wa matarka. Da ka saka, da yanzu kai ake nema. Mutumin zai ce an haɗa muryarsa ne, ya kai ka ƙara kan ɓata suna, ko ya bi ta dokar laifukan intanet ta 2015 da ake yawan kama mutane da ita kan abin da suka wallafa. Sannan duk wanda ya ji sautin ya san wa aka aika wa, asirin yaron ya tonu a banza.

Tun yau a kiyaye wayar, kada a sayar, kada a canza layi, kada a goge komai. A duba ko mutumin ya kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu. A ɗauki wata wayar a yi bidiyon allon tasa, lambar mai aikowa da rana da lokaci suna fitowa, ana kunna sautin har ƙarshe. A kuma fitar da hirar gaba ɗaya daga WhatsApp a aika wa imel ɗin da kai kaɗai ke buɗewa. Tura sautin ga abokai yana rage masa ƙarfi, don wanda aka tura ba ya nuna asalin inda ya fito. Ƙanenka ya zauna ya rubuta abin da aka ce masa bayan atisaye da kalmomin mutumin, a ina, da ƙarfe nawa, wa ke kusa. Abin da ya ji da kunnensa kaɗai, ban da zato. Maganar manya sun sani a rubuta ta a matsayin abin da mutumin ya faɗa, kada ku ɗora sunan kowa a kai.

Kada wani ya ba ku shawarar ya karɓi rabin kuɗin don ya zama hujja. Da zarar ya shiga hannunsa ya zama mai karɓa, sai dai idan hukuma ce da kanta ta shirya tarkon. Kuma wannan "zan yi tunani" ɗin bai kamata ya zama maganarsa ta ƙarshe ba. Ya aika gajeren saƙo a rubuce cikin ladabi: Yallabai, a yi haƙuri, ba zan iya ba. Kada ya ƙara da barazana ko wa'azi.

Gaskiya ɗaya da zan gaya muku game da ɓoye suna: yana kare shi daga mutanen kulob, amma rahoton da babu suna ba ya nuna cewa shi ne ya sauke nauyinsa. Shi ya sa idan kun tura ta shafin FIFA ku adana lambar da za a ba ku da kalmar sirrin akwatin saƙon, su ne shaidar cewa daga gare ku ya fito. Albashinsa kuma magana ce daban, kada ku cakuɗa su a takarda ɗaya, sai a ce haushin kuɗi ne ya sa shi ƙage.

Badamagare:

Ni ƙari kaɗan gare ni daga nan Nijar. Ibrahim Chaibou namu ne, alƙalin wasa na FIFA. Shi ya busa wasan Najeriya da Ajantina a Abuja a Yunin 2011, wanda aka tashi 4-1. An ɗaga ƙarin minti biyar, ya bar wasa ya zarce, har ya ba Ajantina fenariti a kan taɓa hannun da ba a gani ba, daidai lokacin da kuɗin caca ya yi ta zuba a kan za a ci ƙwallo ta biyar. Ya yi ritaya ya koma gida abinsa. Sai a Janairun 2019 FIFA ta haramta masa ƙwallo har abada da tarar faran 200,000. Ɗan Kallo na cewa a jira guguwa ta wuce, to irin wannan tana iya dawowa bayan shekara bakwai ko takwas, lokacin da yaron ya samu kulob a waje yana ganin ya huta.

Tsohon Rafali:

Ɗan Kallo, ban ƙaryata ka ba, na ga yaran da aka yi wa abin da ka faɗa. Amma dabarar cinya ba ta fitar da shi. Saƙon yana nan a wayar mutumin da sunansa, kuma gola na biyu za a je wa, wanda wataƙila ya fi shi yunwa.

Ɗana, ga abin da ya fi damuna tunda ka ce an taɓa ɗan baya. Ko ƙanenka ya tsaya tsakaninsa da Allah, idan na gabansa suka buɗe hanya ana iya zura masa biyun nan bayan hutu, daidai yadda aka tsara. Ranar da aka zo bincike me zai nuna? Gola ne, an yi masa tayi, an ci shi biyu a lokacin da aka ce. Babu abin da zai wanke shi sai rahoton da ke ɗauke da kwanan wata kafin a busa wasan. Wanda aka kai bayan an tashi, cewa za a yi ba a cika masa kuɗinsa ba ne.

Abokin ɗakin nasa kada ya nuna masa sautin. Iyaka ya ce masa shi dai ba ya ciki, idan na kirki ne zai gane. Ranar wasa kuma akwai kwamishinan wasa da hukumar gasa ke turowa, ba ma'aikacin kulob ba ne, kuma dole ya rubuta rahoto a kan duk abin da aka kawo masa. A cikin takardarku ku roƙi a sanar da shi, a kuma ɗauki bidiyon wasan gaba ɗaya. Ku tura ranar Litinin ko Talata, kada ku kai Juma'a, don da an sauko daga masallaci ba za ku sami kowa a ofis ba sai wata Litinin ɗin.